Dogara Mai Tsaron Ruwa a Al Gharrafa

Na san Dogara a shekarar 2012, a wani rukunin gidaje da ke Al Gharrafa a Doha, inda kamfaninmu ya ajiye ni gadin ƙofa. Shi aikinsa a tsakiyar gidajen yake, a bakin wurin ninkaya, yana lura da masu wanka kada ruwa ya ci wani. Dogo ne, baƙi, mai faɗin kafaɗa, kullum cikin jan gajeren wando da farar riga, da usur rataye a wuya. Da farko na ɗauka mutumin Kenya ne ko Uganda, don su suka fi yawa a irin wannan aikin. Sai wata rana na je shan ruwa ta wajensa, na ji yana magana a waya da Hausa a kan kwanon rufi da iska ta yaye musu a gida. Da ya ajiye wayar na ce masa Allah ya sa dai ba duka ɗakin ta kwashe ba. Ya dube ni sama da ƙasa, ya yi dariya har da dafa gwiwa. Ba a jima ba muka roƙi kamfani ya haɗa mu ɗaki ɗaya a masaukin ma'aikata da ke Madinat Khalifa.

Ni Surajo nake, mutumin Funtuwa. Shi kuma Kirista ne, ɗan wani mai bishara daga ƙasar Bauchi da coci ta tura wani ƙauye a bakin Binuwai, kusa da Numan. A can aka haife shi, cikin 'ya'yan masunta ya tashi, kuma ya ce ba ya tuna lokacin da bai iya iyo ba. Ya yi aiki a wani otel a Yola, a nan ya sami takardar shaidar ceto a ruwa, ita ce ta kawo shi Qatar. Matarsa Hannatu tela ce. Da zai taho ta koma Mubi kusa da tsohuwarta, da 'yarsu guda ɗaya, Rifkatu, wadda ya baro tana shekara huɗu.

Mutum ne da ba ya wasa da aikinsa. Akwai doguwar kujera da aka yi masa da laima a kai, amma ba kasafai yake zama ba, sai dai ya yi ta zagaya ruwan a hankali, ko da rana ta kai ta ƙona tafin ƙafa. In kana masa magana yana amsa maka, amma idonsa ba ya kanka. Ya taɓa gaya mini cewa wanda ruwa ke ci ba ya ihu, shiru yake yi, shi ya sa yaron da ya yi shiru ya fi ba shi tsoro a kan mai hayaniya.

Abin da ya fi son zance a kai shi ne mala'iku. Gado ya yi. Mahaifinsa ya riƙa karanta musu labarinsu daga tsoffin littattafan Bani Isra'ila, da Hausa, bayan an ci abinci. Dogara ya ce mala'ikun cikin waɗannan littattafan ba su yi kama da jariran nan masu fukafukai da ake zanawa a kalanda ba. Wani lokaci kamar matafiya suke zuwa da tsakar rana, a ba su ruwan wanke ƙafa, ba a san ko su wane ne ba sai sun tafi. Wani lokaci kuma da takobi zare a tsakiyar hanya. Ya ba ni labarin bawan Allah da aka jefa ramin zakuna, aka aiko mala'ika ya rufe bakunansu. Ya ba ni na wani bara da ya tashi da safe ya ga abokan gaba sun kewaye gari, ya firgita, sai aka buɗe masa ido ya ga dutsen da ke bayansu cike da dawakai na wuta. Wanda ya fi so shi ne na matar da ruwa ya ƙare mata a hamada, ta kwantar da ɗanta a gindin wani ɗan itace ta koma nesa don kada ta ga mutuwarsa, sai mala'ika ya kira ta, ta ga rijiya. Na ce masa wannan ai mun san ta, ruwan rijiyar ma har gobe alhazai na kawo mana tsarabarsa. Na kuma gaya masa yadda aka koya mana, cewa kowane mutum yana da masu tsaronsa gaba da baya, kuma suna karɓa-karɓa ne, wasu su sauko da asuba, wasu da la'asar. Wannan ya yi masa daɗi ƙwarai. Ya ce ashe su ma masu canjin aiki ne kamar mu, sai dai su ba a makara da motar ɗaukarsu.

In ya sami kati yakan kira gida da hantsi, lokacin da Rifkatu ke shirin makaranta, ya yi mata addu'ar da mahaifinsa ke yi musu in za su fita, cewa Allah ya sa mala'ikunsa su yi sansani kewaye da ita. Wata rana yarinyar ta tambaye shi ko nata mala'ikan yana shiga aji da ita ne, ko a bakin ƙofa yake tsayawa kamar mai gadi. Ya ce mata wannan sai ta tambayi Baba Surajo, shi ne ya san aikin ƙofa. Haka na fara gaisawa da ita. Muryarta ƙarama ce, tana da saurin magana.

Hutunsa ya isa tun farkon 2014, aka yi ta ɗaga masa saboda babu wanda zai riƙe wurin. Yana ta sayen 'yan kayan tsaraba yana tarawa a akwati a ƙarƙashin gado. Labarin abin da ke faruwa a Borno da arewacin Adamawa kuwa kullum ƙara muni yake. Ya yi ta cewa Hannatu su koma Yola, ita kuma tana cewa tsohuwarta ba ta iya doguwar tafiya, kuma ga sojoji cike da gari.

A ƙarshen watan Oktoba 'yan bindiga suka shiga Mubi. Ina bakin ƙofa na gani a waya. Na bar wani ɗan Nepal da muke aiki tare na tafi wajen Dogara, na tarar ya riga ya ji. Yana tsaye da wayar a kunne, idonsa a kan wasu yara biyu da ke wasa da ƙwallo a ruwa. Layin Hannatu ba ya shiga. Na 'yan'uwanta ma haka.

Sai bayan kwanaki ta kira da wayar aro daga wani ƙauye a kan iyakar Kamaru. Tana da rai, ita da tsohuwar, wadda wani mai baro ya taimaka ya turo. Amma Rifkatu ba ta tare da su. Tana makaranta abin ya fara. Hannatu ta ruga can ta tarar da azuzuwa a buɗe, takalma da jakunkuna a warwatse, babu kowa. Wasu sun ce malamai sun bi ta duwatsu da yara, wasu sun ce an ga yara a bayan wata motar ɗaukar kaya. Babu wanda ya ce ya ga Rifkatu da idonsa.

A wancan lokacin ma'aikaci ba ya fita ƙasar sai da izinin kafil, wato mai kamfanin da ya ɗauko shi. Dogara ya je ofis ya yi bayani. Ba su yi masa wulaƙanci ba, har shayi aka ba shi, amma aka ce doka ba ta yarda a buɗe wurin ninkaya ba sai da mai takardar ceto, kuma wanda zai maye gurbinsa bai iso ba tukuna. Ya yi haƙuri, in sha Allah wata mai zuwa. Ya koma ya sake komawa, amsar ba ta sake ba.

Sai ya ci gaba da tsaron 'ya'yan mutane. Ya rame, wandon nan ja ya fara yi masa yawa. Ya daina zuwa cocin da yake zuwa ranar Juma'a a wajen gari. Na taɓa jan sa zuwa unguwar Bin Mahmud, gidan wata mata 'yar Zariya da ke sayar da tuwo da miyar kuka, ko zai ci wani abu na kirki. Ya yi loma biyu ya tsame hannu. A hanyarmu ta dawowa, muna jiran mota a inuwar wani shago, ya ce:

“Surajo, wanda ya aiko mala'ika saboda dattijo guda a cikin rami, ya rasa wanda zai aika wa yarinya 'yar shekara bakwai?”

Na ce masa Allah ba ya barci, kuma ba mu san inda take ba balle mu ce ba a tsare ta ba. Ya ce ya sani, shi ma abin da zai gaya wa wani ke nan. Ya ce abin da ke cinsa shi ne da bakinsa ya gaya mata ana tsaronta, ita kuma ta yarda. Yanzu in tana wani daji tana waige-waige tana neman wanda ya ce mata yana nan fa? Motar ta zo muka shiga.

An hana shi riƙe waya a bakin aiki, kuma da can a ɗakin canza kaya yake barinta. Yanzu sai ya koma sa ta a aljihu. 'Yan gudun hijira sun buɗe zauruka a waya inda ake sa hotunan yaran da aka tsinta a sansanonin Yola da na Kamaru, shi kuma ba ya iya barin hoto ya shigo bai duba ba.

A cikin gidajen akwai wani ɗan Kano, Injiniya Umar Faruq, da ke aiki a kamfanin gas, da matarsa Hajiya Ummukulthum da 'yarsu Bilqis, wadda ba ta fi shekara biyar ba. Mutanen kirki ne, da azumi sukan aiko mana da buɗa-baki, har da Dogara. Wata Asabar da la'asar sakaliya, a cikin watan Disamba, Hajiya ta kawo yarinyar wasa. Sanyi ya fara, amma ana ɗumama ruwan. Ta zauna suna hira da wata maƙwabciyarta, Bilqis tana gefen da ba zurfi da robar iyo a hannuwanta. Ta cire robar don ta kamo wani abin wasa, ƙafarta ta zame zuwa wajen zurfi. A daidai lokacin an turo hoton wasu yara mata a wani sansani, Dogara ya sunkuyar da kai yana ƙara girman fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Da ya ɗago ya ga robar tana yawo ita kaɗai.

Ihun Hajiya ne ya kawo ni. Na iske ya riga ya fito da yarinyar, ya shimfiɗa ta a gefe, yana danna ƙirjinta yana hura mata iska. Leɓɓanta sun canza launi. Can ta yi tari, ta amayar da ruwa, ta fashe da kuka. Motar asibiti ta zo ta tafi da su, likitoci suka ce ba abin da ya taɓa ta.

Washegari Injiniya da Hajiya suka zo har bakin ruwan yi masa godiya, ina wurin. Hajiya tana hawaye ta ce, “Malam Dogara, wallahi Allah ne ya ajiye ka a nan saboda ita. Kai ne mala'ikanta.”

Dogara ya ce mata ta daina faɗin haka. Ya gaya musu cewa waya yake kallo lokacin da yarinyar ta nutse, da yana kan aikinsa yadda ya kamata ko ruwa ɗaya ba za ta sha ba. Sannan ya gaya musu abin da yake nema a wayar, abin da ba su taɓa ji ba, don bai gaya wa kowa a gidajen ba. Hajiya ta rufe baki da mayafi. Injiniya ya tambayi sunan yarinyar da shekarunta.

Ko bai faɗa ba ma, na'urar ɗaukar hoto ta riga ta nuna. Manajan gidajen ya kai rahoto, kamfani ya kira shi ya ce khalas, an sallame shi. Injiniya ya so ya je ya roƙa masa, ya ce yana da wanda zai yi wa magana. Dogara ya riƙe hannunsa ya ce don Allah kada ya je. Izinin fitar da ya yi wata da watanni yana nema, cikin mako guda aka buga masa shi tare da takardar kora. Injiniya ne ya kai mu filin jirgi da motarsa. Akwatin tsarabar nan bai tafi da shi ba, ya ce in raba wa masu yara.

Sauran labarin a waya na riƙa jinsa, guntu-guntu. Ya sami Hannatu da tsohuwarta a Yola, a harabar wata coci da ta cika da 'yan gudun hijira. Daga nan ya shiga yawo. Ya bi sansanonin Yola kaf, ya bi makarantu da masallatai da gidajen mutane da suka ɗebi baƙi. Hoton da yake nunawa na tana shekara shida ne, wanda Hannatu ta taɓa turo masa. Sau biyu ana kiransa a ce an ga mai kama da ita. Na biyun ma gawa aka nuna masa, ba ita ba ce, kuma ya ce ya ji kunyar irin sanyin da ya ji a ransa a gaban gawar 'yar wani. Bayan sojoji sun karɓe Mubi ya je ya ga gidansu, an kwashe keken ɗinkin Hannatu, an bar ƙofa a buɗe.

Sai da damina ta kusa sannan wani direba da ke jigila zuwa Kamaru ya ce masa akwai wata mata 'yar Mubi a wani ƙauye bayan iyaka, tana riƙe da yara uku da ba nata ba. Ya bi shi. Matar sunanta Ayishatu, ƙosai take soyawa a ƙofar makarantar su Rifkatu. Ranar da abin ya faru ta bar kaskonta a wuta, ta kama hannun yaran da suka fi kusa da ita, ta bi ayarin masu gudu. Ɗanta na cikinta, Mas'udu, yana aji shida a makarantar, ta ɗauka yana gaba tare da manyan yara. Ba ya gaba. Ta yi ta tafiya da 'ya'yan mutane, tana goya wannan ta sauke ta goya wancan, har suka tsallaka. A ƙauyen ta riƙa yin surfe da wankau tana ciyar da su. Ba ta da waya, kuma tana tsoron kai su sansani kada a raba ta da su ta rasa abin da za ta gaya wa iyayensu.

Dogara ya ce da ya shiga gidan ya ga Rifkatu a tsugune tana wanke kwanuka, da ɗan hijabi da aka ba ta, ya gane ta nan take, don fuskar uwarta ce. Ita ba ta gane shi ba. Da ya matso ta gudu bayan Ayishatu ta riƙe zanenta, tana ce mata Inna. Ya kira sunanta, ya yi mata magana irin yadda yake yi a waya, sai ta leƙo ta dube shi, amma ba ta saki zanen ba. Kwana ya yi a ƙauyen, da safe ma ta ce ba inda za ta sai da Inna. A ƙarshe dukansu ya kwaso zuwa Yola, da matar da sauran yaran biyu, waɗanda daga baya aka sami danginsu.

Na yi murna har na yi sujada a ɗakin gadi. Injiniya ya yanka rago. Amma da na kira Dogara bayan an kwana biyu, ban ji muryarsa yadda na zata ba. Ya ce a coci an yi godiya, an sa su a gaba, fasto ya ce Allah ya aiko mala'ikansa cikin siffar mai ƙosai. Kowa ya ce amin.

“Ni ma na ce amin,” in ji shi. “Amma Surajo, na ga ƙafafun Ayishatu. Har yanzu ba su warke ba. Kuma kullum da yamma tana zama a bakin ƙofa tana kallon hanya. In ita aka aiko wa tawa, wa aka aika wa nata?”

Na ce masa wannan tambayar ta fi ƙarfina. Ya ce shi ma ba amsa yake nema a wurina ba, so yake ya faɗa wa wanda ba zai yi masa wa'azi ba.

Bai sake neman fita waje ba. Ya kama noman rani a bakin Binuwai, albasa da tumatir, Hannatu ta sami keke ta koma ɗinki. Suka kama haya a Jimeta, ɗaki biyu, ɗaya na Ayishatu, wadda mijinta ya rasu tun kafin rikicin kuma ta ce ba za ta iya komawa Mubi ta zauna ita kaɗai ba. Ta kafa kaskonta a bakin layi. Rifkatu ta koma makaranta, amma ta daɗe ba ta yarda a rufe ƙofar aji, kuma saurin maganar nan tata ya tafi. In na kira aka ba ta wayar, sai ta gaishe ni da ladabi ta mayar wa babanta.

Duk lokacin da aka ji sojoji sun kuɓutar da mutane daga daji, Dogara yakan bar gonar ya ɗauki Ayishatu su tafi dubawa. Sun je Maiduguri, sun je wurare da ban taɓa jin sunansu ba. Ni na bar Doha a 2018, na dawo Funtuwa na buɗe shagon kayan waya. A cikin shekarar da ta biyo baya na kira shi wata rana da azahar, na ji hayaniyar tasha. Ya ce suna Gombi, daga wani sansani suke, an ce akwai wani saurayi da ba ya tuna garinsu, yana da tabo a goshi irin na Mas'udu. Sun gan shi, ba shi ba ne. Ayishatu ta ba saurayin abincin da ta yi guzuri, ta zauna da shi har ya cinye. Yanzu tana masallacin tasha tana salla, shi kuma yana riƙe mata wuri a mota kafin ta cika. Na tambaye shi albasa, ya ce bana ta yi kyau, sai dai tsutsa ta ɗan taɓa tumatir. Sai na ji kwandasta yana kira, Dogara ya ce bari ya je ya taho da Ayishatu.